Littattafan yara kan baƙaƙen Amurka da neman gona bayan bauta: ina tarihi ya tsaya, ina ƙirƙira ta fara?

Malamar Adabi ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare, kuma a wannan zangon mun tsara cewa ɗalibai 'yan shekara 12 zuwa 14 za su karanta ƙagaggen labari guda ɗaya wanda aka gina shi a kan tarihi. Cikin littattafan da ke ɗakin karatunmu akwai guda biyu na Mildred D. Taylor, wato Roll of Thunder, Hear My Cry da The Land, sai kuma Forty Acres and Maybe a Mule na Harriette Gillem Robinet. Dukkansu suna magana ne a kan iyalan baƙaƙen fata na kudancin Amurka bayan an soke bauta, kuma abin da ya ja hankalina shi ne yadda kowannensu, ko ta ina ya ɓullo, sai ya koma kan maganar gona, ko neman ta, ko biyan bashin da ke kanta, ko kare ta daga masu son ƙwacewa.

Abin da nake neman taimako a kai shi ne rabe tarihi da ƙirƙira, domin ba na so in tsaya gaban yara in gabatar musu da tunanin marubuci a matsayin abin da ya faru. Shin da gaske ne gwamnatin Amurka ta yi wa 'yantattun bayi alkawarin eka 40 da alfadari? Kuma zai yiwu iyalin baƙar fata su mallaki eka 400 a jihar Misisipi a 1933, kamar yadda Taylor ta nuna iyalin Logan? A ƙarshe, wanne ya fi dacewa a fara da shi ga yara masu waɗannan shekarun?

Ɗalibin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Alkawarin yana da tushe, sai dai bai kai girman yadda ake faɗarsa ba, kuma bai yi tsawon rai ba. A ranar 12 ga Janairu, 1865, yaƙin basasar Amurka yana dab da ƙarewa, Janar William T. Sherman da sakataren yaƙi Edwin Stanton suka zauna da shugabannin baƙaƙen fata su 20 a birnin Savannah na jihar Jojiya, yawancinsu limaman coci. Wanda ya yi magana da yawunsu shi ne Garrison Frazier, dattijo mai shekara 67 wanda ya fanshi kansa da matarsa da dala 1,000 tun kafin yaƙin. Da aka tambaye shi yadda mutanensa za su iya riƙe kansu, amsar da ya bayar ita ce a ba su ƙasa su noma da hannunsu. Bayan kwana huɗu, ranar 16 ga wata, Sherman ya fitar da umarnin soja mai lamba 15, wanda ya ware gaɓar teku da tsibiranta daga Charleston a Karolina ta Kudu har zuwa kogin St. Johns a Fulorida, zuwa nisan mil 30 daga bakin ruwa, kimanin eka 400,000, domin a yanka wa kowane iyali abin da bai wuce eka 40 ba. Babu alfadari a cikin wannan takarda. Daga baya ne aka ba sojoji izinin ba da aron dabbobin da suka gaji da aikin yaƙi, sai maganar ta haɗu a bakin mutane.

Ya kamata ɗalibai su lura cewa umarni ne na kwamandan soja a lokacin yaƙi, wanda ya shafi yanki ɗaya kawai, alhali bayin da ke ƙasar a ƙidayar 1860 sun kusa miliyan 4. Kimanin mutum 40,000 ne suka zauna a waɗannan filaye kafin tsakiyar shekarar, suka yi shuka. To amma an kashe shugaba Abraham Lincoln a watan Afrilu, kuma wanda ya gaje shi, Andrew Johnson, ya shiga yi wa masu gandayen kudu afuwa yana mayar musu da dukiyarsu, har kafin ƙarshen 1865 ya ba da umarnin a mayar da filayen ga tsofaffin masu su. Ta leƙo ta koma.

Abin da ya faru a tsibirin Edisto ya cancanci a ba yara labarinsa, domin ko marubuci bai isa ya ƙago wanda ya fi shi ba. A watan Oktoba na shekarar, aka tura Janar Oliver O. Howard, shugaban hukumar kula da 'yantattun bayi, ya je da kansa ya gaya wa mutanen cewa su yafe wa iyayengijinsu na da, su kuma koma yi musu aiki bisa yarjejeniya. Kwamitin mutum uku, Henry Bram da Ishmael Moultrie da Yates Sampson, suka rubuta masa takardar koke wadda har yau tana nan a adane. A cikinta sun tambayi yadda mutum zai yafe wa wanda ya ɗaure shi a jikin itace ya yi masa bulala 39, ya tuɓe mahaifiyarsa da 'yar'uwarsa ya zane su, kuma yanzu ya hana shi zama ko a bukkar da babu kowa sai in zai noma masa. Littafin Robinet, wanda ya fito a 1998, yana bin wannan layi ne: yaro Pascal da yayansa Gideon sun sami gona a Jojiya, sun yi wahalar gyara ta, sannan aka karɓe. Mutanen cikin labarin ƙagaggu ne, amma abin da ya same su shi ne ya sami dubban iyalai a wannan shekara.

Maman Ɗalibai ta amsa:

Malam ya gama da tambaya ta farko, ni kuma zan taɓa ta biyu da ta uku, domin na karanta littattafan Taylor tare da 'ya'yana a gida.

Iyalin Logan ba su sami gonarsu daga gwamnati ba, saye suka yi, kuma littafin Roll of Thunder ya faɗi haka a babinsa na farko: kakan yaran, Paul-Edward, ya sayi eka 200 a 1887, bayan ya gama biya sai ya ƙara wata 200 a 1918, wadda har lokacin labarin ba a gama fitar da ita daga jingina ba. Taylor, wadda aka haifa a Jackson ta Misisipi a 1943 ta kuma tashi a Toledo ta jihar Ohayo, ta sha bayyana cewa labaran da ta ji daga bakin mahaifinta da danginta ne tushen rubutunta, kuma kakan mahaifinta da kansa ɗan bature mai gandu ne da baiwa, wanda ya sayi ƙasa a Misisipi. Saboda haka abin mai yiwuwa ne, ya ma faru a gidansu.

A ganina Roll of Thunder, Hear My Cry ne ya kamata ki fara da shi, Malama, kuma ba don ya ci lambar yabo ta Newbery a 1977 ba. Dalilina shi ne marubuciyar ta san yadda ake sa yaro ya ji nauyin haraji da jingina ba tare da an yi masa lacca ba. Cassie, yarinya 'yar shekara 9 da ke ba da labarin, ba ta fahimci me ya sa mahaifinta yake barin gida ya tafi aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a Luwiziyana ba, alhali ga su da gona har eka 400. Amsar ita ce farashin auduga ya faɗi, abin da gonar ke bayarwa ba ya isa a biya banki a biya haraji, dole sai an nemo kuɗi daga waje. Daga nan mai karatu zai ga yadda komai yake rataye da wannan bashi. Da mahaifiyar yaran ta shirya wa maƙwabta su daina sayayya a kantin 'yan gidan Wallace, waɗanda ake zargi da ƙona baƙaƙen fata, su koma sayowa daga Vicksburg, sai aka kore ta daga koyarwa, sannan banki ya bugo cewa a biya sauran bashin gaba ɗaya nan take. Baffan yaran, Hammer, ya sayar da motarsa ƙirar Packard, wadda yake taƙama da ita, aka biya. Maƙwabtan da ke noma a gonar bature mai gandu Harlan Granger kuwa, barazanar kora kaɗai ta isa ta sa suka janye daga ƙaurace wa kantin, domin ba su da inda za su. Yaro ɗan shekara 12 zai gane bambancin mai gonar kansa da mai noma a ta wani daga wannan babi fiye da yadda zai gane daga kowane bayani.

Akwai wani wuri da nake so ki tsaya a kansa tare da su. Ranar farko ta makaranta an raba wa yara tsofaffin littattafai, a cikin bangon kowanne akwai jadawalin shekarun da aka yi amfani da shi da launin fatar wanda aka ba, kuma sai da littafin ya lalace sarai sannan ya iso hannun baƙaƙe. Ƙanen Cassie, mai tsananin son tsafta, ya jefar da nasa ya tattake. Mahaifiyarsu ba ta yi dogon jawabi ba, ta ɗauko takarda da gam ta liƙe shafin a littattafan ajinta duka. Wannan ƙaramin aiki yana cikin abubuwan da aka kafa hujja da su ranar da aka zo korar ta.

Sai dai ki shirya kafin ki shiga aji. Akwai kalmar zagi ta wariyar launin fata da ke maimaituwa a bakin wasu mutanen labarin, akwai ƙona mutane, akwai yunƙurin rataye yaro ba tare da shari'a ba a ƙarshe. Ni dai na gaya wa nawa tun farko cewa za su gamu da kalmar, na bayyana musu waye ke faɗarta da dalilin da ya sa marubuciyar ta bar ta, kuma ba mu karanta ta da ƙarfi ba. The Land, wanda ya fito a 2001, ya fi tsawo da nauyi, gara a bar shi ga 'yan aji uku.

Malamar Adabi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Maman Ɗalibai, Allah ya saka da alheri. Abin da ya rage mini shi ne wannan: idan an janye alkawarin tun 1865, kuma iyalin Logan saye suka yi, to iyalai irinsu suna da yawa ne, ko kuwa marubuciyar ta zaɓi gida ɗaya cikin dubu ne?

Mai Aikin Safiyo ya amsa:

Malama, wannan tambayar ita ce ta sa ban yarda da Hajiya Maman Ɗalibai ba a kan wanda za a fara da shi, duk da cewa bayaninta game da littafin babu abin cirewa. Iyalin Logan tsiraru ne ƙwarai. Mafi rinjayen baƙaƙen manoma a kudu, musamman a Misisipi, sun ƙare ne a noman raba amfani, inda mai ƙasa zai ba ka fili da bukka da alfadari da iri, ka ci bashin abinci da tufafi a kantinsa ko na abokinsa da kuɗin ruwa mai yawa, in kaka ta yi a auna auduga a ba shi rabi, sannan a cire bashin daga rabinka. Littafin lissafin yana hannunsa, ma'aunin ma nasa ne, kuma wanda ya yi gardama a kan lissafi yana wasa da ransa ne. Sau da yawa iyali sukan fito shekara da bashi a kansu, wanda zai ɗaure su su sake zama wata shekarar. Doka ma ta taimaka wajen toshe hanya, domin a ƙarshen 1865 majalisar Misisipi ta haramta wa 'yantattu hayar gona a wajen garuruwa. Dokar tarayya ta 1866 da ta buɗe filayen gwamnati a jihohi biyar na kudu ba ta amfani mutane da yawa ba, saboda yawancin filayen daji ne ko fadama kuma masu nema ba su da jari, aka soke ta a 1876. Waɗanda suka yi ta tara 'yan kuɗaɗensu a bankin da aka kafa wa 'yantattu a 1865 kuwa, bankin ya rushe a 1874 da ajiyar mutum fiye da 60,000.

Duk da haka mutane sun saya. Zuwa 1910 baƙaƙen manoma sama da 200,000 ne suke da gonar kansu, jimillar kimanin eka miliyan 15. Wasu sun kafa garuruwa sukutum, kamar Nicodemus a Kansas a 1877, da Mound Bayou a Misisipi a 1887, wanda Isaiah Montgomery da Benjamin Green suka sare daji suka kafa. Tsorona shi ne yaron da ya fara da labarin gidan da ya yi nasara zai ɗauka cewa duk wanda ya yi haƙuri ya yi aiki tuƙuru ya samu, wanda bai samu ba kuma laifinsa ne. Shi ya sa na fi son a fara da Pascal da Gideon, waɗanda suka yi duk abin da ake yi amma takarda ɗaya daga Washington ta raba su da gonarsu. Ko a The Land, Paul-Edward ya sare itatuwan eka 40 bisa alkawarin za ta zama tasa, mai filin ya saɓa bayan an gama aiki.

Akwai kuma abin da littattafan yara ba su cika kaiwa gare shi ba, wanda ni a wurin aikina ya fi ba ni sha'awa. Yawancin waccan eka miliyan 15 ta fita daga hannun baƙaƙe a cikin ƙarni na 20, kuma ba duka da ƙarfin bindiga ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka sayi gonakin sun mutu ba su bar wasiyya a rubuce ba, domin ba su da lauya kuma ba su amince da kotun turawa ba, sai gonar ta zama ta magada baki ɗaya ba tare da an raba ba. Bayan zuri'a uku ko huɗu za ka tarar da masu haƙƙi 50 ko fiye, wasu a Cikago, wasu a Niyok, wasu ba su taɓa taka gonar ba. Ɗan kasuwa zai nemo ɗaya daga cikinsu ya sayi ɗan kasonsa, sannan ya je kotu ya nemi a raba, alƙali kuma ya ce ba ta rabuwa sai dai a yi gwanjon ta duka, a sayar da arha. Sai a 2010 aka tsara wani daftarin doka da ke ba sauran magada damar fara sayen kason kafin a kai ga gwanjo, kuma jihohi da dama sun karɓe shi. Idan kin lura, a Roll of Thunder akwai wurin da kakar yaran ta kira lauya Jamison ta sa hannu ta mayar da gonar da sunan 'ya'yanta biyu tun tana da rai. Yara za su wuce wannan shafi da gudu domin babu faɗa a cikinsa, alhali yana cikin abubuwan da suka ceci gonar.

In za ki kwatanta musu girman fili, eka ɗaya ta ɗan ɗara rabin filin ƙwallon ƙafa, eka 40 kuma kimanin hekta 16 ce.

Dattijon Zaure ya amsa:

Ni ba zan raba gardamar Hajiya da Malam mai safiyo ba, domin Malama ce ta san ajinta, kodayake na fi karkata ga cewa littafin da yaro zai iya gamawa da sha'awa shi ne na farko, sauran bayanin kuma aikin malami ne. Abubuwa biyu nake so in ƙara.

Na farko, ƙasar da ake ta wannan fafutuka a kanta tana da masu ita kafin bawa da ubangijinsa su iso. Yawancin Misisipi ƙasar ƙabilun Choctaw da Chickasaw ce, waɗanda aka tasa zuwa yammacin kogin Misisipi bayan dokar 1830, kuma a kan filayensu ne aka buɗe gandayen audugar da aka kawo bayi su noma. Ɗalibi mai kaifin basira zai iya tambayar wa ya sayar wa na farko, kuma bai kamata a rasa amsa ba.

Na biyu, 'yata, kada ki bari yaran su tashi da tunanin cewa bauta labarin Amurka ne kawai. A nan ma an yi ta, kuma muna da ƙagaggen labari a kanta da harshenmu, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, inda aka bi yaro da mahaifiyarsa ta hanyar fataken bayi har ƙetaren Sahara. Sanarwar Lugga ta 1901 ta hana cinikin bayi ta kuma 'yanta duk wanda aka haifa daga Afrilun shekarar, amma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma a tsakanin nan mutane da yawa ta hanyar murgu, wato kuɗin da bawa ke biyan ubangijinsa domin ya yi aikin kansa, da fansa suka fita, wasu suka ci gaba da zama a rinjin da suke. Amma ki yi hattara wajen kwatantawa, domin tsarin ƙasa ba ɗaya ba ne. A can mutum yana sayen fili ya zama nasa har abada muddin yana biyan haraji, a nan kuwa dokar 1910 ta sa ƙasar Arewa a hannun gwamna, dokar 1978 ta shimfiɗa irin wannan a Najeriya duka, kuma samun gona a ƙauye ya fi ratayuwa ga mai gari da dangi fiye da banki. Haka nan launin fata, wanda shi ne ginshiƙin komai a littattafan nan uku, bai taka irin wannan rawa a namu tarihin ba. Idan lokacin zangon zai ba ki dama, ki ware mako guda a ƙarshe su karanta babi biyu ko uku na Shaihu Umar, ki kuma nemi malamin Hausa na makarantarku ya shigo ajin tare da ke a ranar.